Yadda ake riƙon lambun cikin gida da damina a Katsina

A unguwarmu shamuwa ce ke fara kawo labari. In ka ga ta dawo kan tsamiya tana jidar tsinke tana gyaran sheƙa, wajen watan Mayu, to bazara ta kusa naɗe tabarmarta, kuma duk mai ɗan fili a bayan ɗaki ko gefen rijiya ya kamata ya nemo fartanyarsa. Nawa filin taku takwas ne a tsawo, biyar a faɗi. Amma daga ƙarshen Yuli har Oktoba ba ma sayen kuɓewa, ba ma sayen alayyahu da yakuwa, zogale kuwa har maƙwabta kan aiko yara da kwano. Abin da ke riƙe da wannan lambu shi ne zagayen da nake yi masa kowace safiya in na dawo daga masallaci, domin daminarmu ba ta da alkawari. Yau ruwa ya cika tsakar gida, jibi rana ta buɗe kamar ta Afrilu.

Dole mutum ya san irin daminar da yake hulɗa da ita. Ruwan da birnin Katsina ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a Agusta. Daura ma haka abin yake. Funtuwa ta fi mu ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa shawarar da ta yi wa mutumin can aiki ba lallai ta yi maka ba. Ga kuma ƙasarmu jigawa, ruwa na zurarewa a cikinta kamar an zuba a rariya.

Gyaran ƙasa tun ruwa bai sauka ba

Ka fara da zaɓen wuri. Kayan miya suna son rana ta awa shida ko fiye, saboda haka ka kauce wa gindin bedi (darbejiya) da mangwaro, inuwarsu da saiwarsu duk kishiyoyin shuka ne. Ka kauce wa inda indararo ke zubowa, da inda ruwan wanki mai omo ke bi.

Sai taki, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin gaggawa. Kashin awaki, na tumaki ko na shanu ka tara shi a rami, ka yayyafa masa ruwa, ka rufe da tsofaffin buhuna, kana juya shi duk bayan mako biyu. Cikin mako shida zuwa takwas zai nuna. Alamarsa ita ce ya yi baƙi, ya daina wari, in ka tura hannu ciki ba ka jin zafi. Kashin kaji ya fi su ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone tsiro ƙurmus, kada ka kai shi gindin shuka sai ya ruɓe sosai. In takin juji ka samo, ka zauna ka tsince leda da batir da fasassun kwalabe. Bokitin fenti ɗaya ya ishi taku biyu na kunya, a cakuɗa shi da ƙasa zurfin taƙi guda.

Kunya za ka yi ko rami? Ƙasarka ce za ta gaya maka. Inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke, ka tayar da kunya mai tsayi, ka fitar mata da hanyar ruwa zuwa rariyar gida. Inda kuwa tudu ne mai rairayi, ka yi abin da 'yan uwanmu na Nijar ke kira tassa: rami mai faɗin taƙi ɗaya da zurfin kusan haka, ka zuba taki cikin hannu biyu, ƙasar da ka haƙo ka tara ta ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. Kabewa da kuɓewa suna jin daɗinsa ƙwarai.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu ya ishe shi. Buhun shinkafa mai kilo 50, ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda gindin wuri biyar ko shida, a ɗora kan bulo. Kowane buhu zai ɗauki gindin kuɓewa biyu ko barkono biyu.

Kada ka shuka ko ƙwaya ɗaya kafin ka kewaye wurin. Akuya ɗaya in ta faɗa, aikin wata biyu take cinyewa kafin a tafasa shayi. Dangar kara mai ƙarfi ko waya, kuma ka toshe ƙasan da ƙaya ko bulo saboda kaji.

Ruwan shuka

Shekarar da na fara, an yi wani ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Mayu, gari ya yi sanyi, washegari na shuke irin da nake da shi kaf. Ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi shiru kwana goma sha shida, kuma lokacin famfonmu ba ya kawo ruwa. Ina ji ina gani tsiron ya ƙone. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya tsufa a lambunan bayan Ƙofar Sauri, ya leƙo ya ce, "Ɗana, ruwan fari ai na kwantar da ƙura ne. Ka tona ƙasa kafin ka ba ta irinka?" Na ce, "Ban tona ba, Baba." Ya karɓi fartanyar ya sara sau biyu, sai ga busasshen rairayi a ƙasan ɗan danshin da bai fi yatsa uku ba.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Na aje gwangwanin madara da aka yanke wa baki a fili, nesa da bango. In an ɗauke ruwa sai in tsoma ruler. Santimita biyu a gwangwani milimita 20 ke nan, kuma ƙasa da haka ba na kiransa ruwan shuka. Washegari sai in tona, in danshi ya kai taƙi ɗaya, in kuma dunƙula ƙasar a hannu ta riƙe, to an samu. Duk da haka rabin iri nake shukawa, in ɓoye rabi. A nan birni abin yakan daidaita ne daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karanto shi da Hausa. Ka saurara, yana taimakawa wajen shiri, amma ƙasar bayan ɗakinka ita ce mai hukunci na ƙarshe.

Kuɓewa: ka jiƙa irin ya kwana, wanda ya taso saman ruwa ka zubar. Ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai za ta fito. Bayan mako biyu ka cire, ka bar biyu mafi ƙarfi. Na san cirewar tana da ciwo, amma uku a rami ɗaya cin junansu suke yi.

Irin alayyahu ƙanana ne sosai, sai an gauraya shi da rairayi, cokali ɗaya na iri cikin hannu biyu na rairayi, a barbaɗa a layi a rufe sama-sama. Mako uku zuwa huɗu ka fara yanka. Kada ka shuka shi duka rana ɗaya, layi guda duk bayan kwana goma ya fi, yadda ba zai tsufa maka a lokaci guda ba. Lalo ma haka, sai dai irinsa yana da taurin kai, a tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan daƙiƙoƙi kafin a shuka. Yakuwa da rama ka jera su ta bakin danga, ba su da rigima. Zogale ƙwaya biyu a rami a wurin da ruwa ba ya kwanciya, in ya kai ƙugu ka tsinke masa kai don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannu.

Barkono da attarugu da gauta dashe ake yi. Ka rene su a tsohon baho mai huda tun cikin Mayu da ruwan gida, bayan mako biyar zuwa shida ka dasa da yamma, ko ranar da gari ya yi lumshi. Tumatir kuwa gaskiya ba damina ce lokacinsa ba, danshin Agusta yana jawo masa ciwon ganye da ruɓewa. In kana sonsa, gindi huɗu a buhu a ƙarƙashin bakin rumfa ya isa, sauran ka bari sai sanyi ya shigo.

Zagayen safe

Minti goma ne, amma kullum. Da farko ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da danshi ka bar ta, ko da saman ya bushe. Sannan ka juya ganye ka duba bayansa, domin can ƙwari ke yin ƙwai kuma can darɓa ke taruwa. Ka cire ciyawa tun tana ƙarama, musamman aya-aya, wadda in ba ka tono ƙwayarta ba gobe za ta dawo. Ganyen da ya yi rawaya ko tabo ka tsinke ka fitar da shi daga lambun. Da sanyin safiya ake kamun fara, kuma a lambu wannan magana aiki ce: kafin rana ta ɗaga fara ba ta iya tsalle sosai, yara za su cika maka gwangwani su kai wa kaji.

Mako biyu bayan tsiro, in kana da takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi, a binne shi yatsu huɗu nesa da kara, kuma sai ƙasa na da danshi. Wanda ya zuba takin gargajiya sosai zai iya haƙura da shi.

In sama ta yi shiru

Kusan kowace damina akwai kwanakin da ruwa ke ɗaukewa, mako ɗaya, wani lokaci biyu ko fiye, galibi a Yuni da Yuli. Maganinsu tun ranar da ake ruwa ake haɗa shi. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, lita 1,000 ke zubowa daga kansa, duro biyar cif. Ka tara duro a ƙarƙashin indararo, ka bar ruwan farko ya wanke ƙura tukuna. Amma ka rufe shi ruf, don sauro daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana bakwai zuwa goma ba, kuma damina ce lokacin da zazzaɓi ya fi kama yara.

Ban-ruwa da yamma ko da asuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Gara ka ba su sosai sau ɗaya a kwana biyu da ka riƙa yayyafawa kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke dafa ta. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi kaurin yatsu uku a kan kunya, ka bar ɗan fili kewaye da karan. In ka ga kuɓewa ta yi yaushi da azahar kada hankalinka ya tashi. In ta wayi gari a haka, wannan ne ƙishirwa ta gaske. Ruwan in ya yi ƙaranci, ka fara da masu fure da sababbin dashe, yakuwa da zogale za su iya jira.

Iska da marka

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iska ce ke riga ruwa isowa. In gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cik, gari ya yi zafi mai nauyi, to kana da ɗan lokaci kaɗan. Ka shigar da bahon reno ƙarƙashin rumfa, ka jawo buhuna jikin bango. Sauran aikin ya kamata a ce ka riga ka yi shi: sanda a gindin kowane tumatir da barkono, an ɗaure da tsumma sako-sako, an kuma tara wa kuɓewa da masara ƙasa a gindi. Abin da iska ta kwantar ka tayar da shi washegari tun ƙasa na da laushi, ka danna gindin da ƙafa. In ya kwana biyu a kwance kansa zai lanƙwashe sama, tayarwa kuma sai ta karya shi.

Agusta ta marka ce, kwana biyu ko uku ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. A nan matsalar ta juye. Ruwan da ya kwana a gindin barkono ko zogale yana ruɓar da saiwa, saboda haka ko cikin ruwan ne ka fita da fartanya ka buɗe masa hanya. Ka janye ciyawar shimfiɗa daga gindi. Kada ka taka kunya tana jiƙe, kada kuma ka yi tsinka ganye na jiƙe, hannunka ne zai yi yawo da cuta daga gindi zuwa gindi. Bayan marka za ka ga ganye ya yi fari-fari, ruwa ne ya wanke taki ya yi ƙasa da shi. Ka ƙara ruɓaɓɓen taki cikin hannu ɗaya ga kowane gindi.

Baƙin lambu

Wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni, domin mun saba da jifan duk abin da ya motsa. Akwai wani kwaɗo da ya yi damina guda a ƙarƙashin fasasshen tulu a kusurwar lambuna. Wani dare bayan ruwa, shinge ya taso ya rufe fitilar tsakar gida, na haska tocila na gan shi zaune a gindin kuɓewa yana lasar su ɗaya bayan ɗaya, maƙogwaronsa na motsi. Abin da yake yi wa gyare da tsutsa ke nan kowane dare. Ka kifa masa fasasshen tulu a inuwa ka bar masa ƙofa.

Bushiya ma da dare take kiwo, tana cin ƙwari da ƙadandoniya, ba ruwanta da ganyenka. Hawainiya tsoronta kawai ake ji, ba ta da dafi, fara da ƙuda take kamawa. Ranar da yarana suka ga wata a kan zogale suka ɗauko dutse, na zaunar da su muka kalle ta tana taku kamar mai tausayin reshe, har ta harba harshe ta ɗauke wata fara. Tun daga nan su ke hana 'yan unguwa taɓa ta. Rina kuwa tsutsa take farauta ta kai wa 'ya'yanta, in sheƙarta ba a hanyar yara take ba ka ƙyale ta. Ƙudan zuma shi ke ɗaukar garin furen kabewa namiji ya kai wa macen, wadda za ka gane ta da 'yar ƙwallo a gindinta. In ka ga 'ya'yan kabewa na yin rawaya suna zubewa tun suna ƙanana, zuma ce ta yi ƙaranci. Ka tsinko namijin fure da sassafe, ka cire masa ganyen furen, ka goga a tsakiyar macen.

Akwai masu alheri da ɓarna a haɗe. Ƙadangare na cin tururuwa da gara, amma yana tsinke sabon tsiro. Kurciya na tsince irin alayyahu. Dukansu maganinsu ɗaya, tsohon gidan sauro da ya riga ya yage a rufa kan sanduna har tsiro ya yi ganye huɗu. Gara tana cinye ciyawar shimfiɗa, tana kuma huda ƙasa ruwa ya shiga, don haka a tsakiyar lambu ba na faɗa da ita. Jikin bangon ƙasa da azara ne ba na barin shimfiɗa ta kusanta.

Maciji dabam ne. Kububuwa da gamsheƙa suna son tarin itace da duhun ciyawa, kuma ɓera da gafiya ke jawo su. Ka share bakin danga, kada ka tura hannu inda ido bai gani ba, kada ka shiga lambu da dare babu takalmi da tocila, ko don kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana mutum yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Masu ɓarna zalla su ne darɓa, farin ƙuda, da ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke mayar da ganyen kuɓewa da yakuwa kamar rariya. Ga tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, da sharon mai cin tumatir wadda a shekarar ta yi wa manoman Katsina da Kano da Kaduna mummunar ɓarna. A lambun gida da yara ke tsinka suna kaiwa baki, ba na fesa maganin kanti. Toka nake barbaɗawa da safe a kan raɓa, sai kuma bedi. Ka tsinci 'ya'yansa nunannu, ka wanke ka shanya a inuwa, ka fasa ka fitar da ƙwayar. Rabin kilo a daka, a ƙulle a tsumma, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a matse a tace, a narka ɗan sabulu kamar girman ƙwayar dabino. Ka fesa da yamma in zuma ta tafi, har bayan ganye, da gorar ruwa da aka huda wa murfi. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi da girma, sai ka maimaita duk mako, da kuma bayan ruwa mai ƙarfi. Ranar da ka haɗa ka yi amfani da shi, kuma ka daina fesa wa alayyahu kwana uku kafin yanka saboda ɗaci. Tsutsar masara kuwa ka buɗe kan masarar da asuba ka cire ta da hannu, ko ka zuba mata toka da rairayi a ciki.

Tsinka da ajiyar iri

Kuɓewa na fara bayarwa wajen kwana 50 zuwa 60. Ka tsinka duk bayan kwana biyu tana tsawon yatsa, domin in ka bar 'ya'ya suka tsufa a jiki uwar za ta rage fure. Wadda ta yi yawa a yanka a shanya don miyar rani. Zogale da yakuwa a inuwa ake shanya ganyensu, rana tana kashe musu kore.

Tun tsakiyar Satumba ka zaɓi gindi biyu mafi lafiya a kowane iri, ka ɗaura musu tsumma don kada yara su tsinke, ka bar 'ya'yansu su bushe a jiki. In sun fara tsagewa ka cire, ka ƙara shanyawa kwana uku, ka gauraya da toka, ka zuba a kwalba mai murfi, ka rubuta suna da shekara. Irin da aka sayo a fakiti mai alamar F1 ba a ajiye 'ya'yansa, ba sa fitowa kamar uwarsu. Soɓorodo sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba yake nuna, ka bar shi a bakin danga. Sauran kara da ganye ka tuge ka zuba a ramin taki, ban da masu cuta, waɗannan ƙonewa ake yi. Ka juya kunyoyin, ka ƙara taki, ka bar su su sha rana mako biyu, kafin farkon Nuwamba ka zuba renon salak da kabeji da tumatir.